Yadda ake tura takarda zuwa manyan tarukan ilimin tushen kwamfuta, tun daga rubutu har zuwa tsayawa gaban jama'a

Kusan duk wata sai wani ɗalibin masta ko mai PhD ya tare ni da tambayar nan, "Malam, wai ya ake yi mutum ya kai aikinsa STOC ko ICALP?" wato biyu daga cikin manyan tarukan fanninmu. Na gaji da maimaita amsa ɗaya a tsaye a bakin ofis, shi ya sa na zauna na jera ta gaba ɗaya. Abu ɗaya dai ka riƙe kafin mu fara: a wannan ɓangaren namu na kwamfuta, inda aikin duk tiyorem ne (sakamakon lissafi da aka tabbatar) da hujja da lissafin saurin algoridim, taro shi ne wurin buga aiki. Ba zuwa ake a sha shayi a karɓi satifiket ba, takardar da ta shiga babban taro ta fi wadda ta fito a mujalloli da yawa nauyi. Kuma galibin waɗanda na gani sun faɗi ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza musu ba, kalanda ce ta kayar da su.

1. Zaɓi taro, ka ƙirga baya

Manyan guda huɗu ne kowa ke hari, kuma sun raba shekara tsakaninsu. STOC na ƙungiyar ACM ana yinsa wajen Yuni, ana rufe karɓar takardu wajen farkon Nuwamba. FOCS na IEEE ana rufewa wajen Afrilu a yi taron a ƙarshen shekara. SODA ana rufewa a Yuli a yi a Janairu, shi ya fi karkata ga algoridim. ICALP na ƙungiyar Turai ta EATCS ana rufewa a Fabrairu a yi a Yuli, kuma kashi biyu ne, kashin A na algoridim da wahalar lissafi, kashin B na otomata da mandiƙi da ma'anar furogiram. In ka tura aikin otomata kashin A ka ɓata wa kanka.

Gaskiya in aikinka na farko ne ba lallai ka fara da waɗannan ba. Akwai STACS da ke yawo tsakanin Jamus da Faransa, akwai MFCS, akwai ESA, akwai ISAAC a Asiya, akwai FSTTCS a Indiya duk Disamba, sannan ICTAC ma ya taɓa zuwa Afirka, an yi shi a Stellenbosch a 2018 da Hammamet ta Tunisiya a 2019. Duk tarukan mutunci ne. Hanya mafi sauƙi ta gane inda aikinka ya dace, ɗauko takardu goma da ka fi ambata a rubutunka ka duba a ina aka buga su.

Ka duba garin da za a yi taron tun yanzu, don wurin canzawa yake duk shekara. STOC na 2024 a Vancouver aka yi, na 2025 a Prague. ICALP na 2024 a Tallinn, na 2025 a Aarhus. Ga mai koren fasfo wannan ba ƙaramar magana ba ce, musamman yanzu da dokokin bizar Amurka suka tsananta a kan 'yan Najeriya da Nijar.

Gargaɗi: duk taron da ya turo maka imel yana kiranka "babban farfesa" yana alƙawarin amsa cikin kwana uku, na 'yan damfara ne. Buɗe DBLP, shafin intanet da ke jera takardun ilimin kwamfuta da aka buga, ka rubuta sunan taron. In babu shi a can, ko ka duba kwamitinsa ba ka ga ko mutum ɗaya da ka taɓa karanta aikinsa ba, riƙe kuɗinka.

2. Karanta sanarwar kiran takardu, ta bana ba ta bara ba

Dokoki suna canzawa shekara zuwa shekara, yawan shafi, girman rubutu, ɓoye suna, duka. Ka karanta sau biyu ka fitar da ranaku a takarda ka manna a bango.

Sai maganar agogo, wadda ta ci mutane da yawa. In ka ga an rubuta AoE a gaban lokacin rufewa, ma'anarsa muddin ranar ba ta ƙare a ko'ina a duniya ba to da sauran lokaci, wato 11:59 na daren AoE shi ne 12:59 na ranar washegari a Kano ko Yamai. Amma ba kowane taro ke amfani da shi ba, wasu da agogon gabashin Amurka suke rufewa, wasu da na tsakiyar Turai. Wani abokin aikina ya saba da AoE, ya kwanta da niyyar ƙarasa gyara da safe, ya tashi ya tarar an rufe tun cikin dare. Wata shida ya jira taro na gaba.

Wasu tarukan kuma ranaku biyu suke da su, ta farko ka yi rajistar take da taƙaitaccen bayani, ta biyu bayan 'yan kwanaki ka ɗora cikakkiyar takarda. Ka tsallake ta farko, ta biyu ba ta da amfani.

3. Kayan aiki

LaTeX, manhajar tsara rubutun lissafi, ake rubutu da shi, babu maganar Word a nan sam. In ku biyu ne ko uku kuna rubutu tare Overleaf, shafin rubuta LaTeX a intanet, ya wadatar, in ku biyu ne na kyauta ma yana yi, sai dai ina ba ka shawara ka sa LaTeX ɗin a kan laftof ɗinka ma, domin ranar rufewa ita ce ranar da netwok ke tsiya. ICALP da STACS da MFCS da tsarin shafi na LIPIcs suke aiki, fayil ɗin yana shafin Dagstuhl, masu buga shi, kyauta, sauke shi tun ranar farko kar ka bari sai ka gama rubutu sannan ka juya, shafukan za su kumbura maka. STOC da FOCS galibi shafi mai layi ɗaya suke so da rubutu mai girman 11. Jerin ayyukan da ka ambata kuma daga DBLP za ka kwafo su, ya fi Google Scholar tsafta.

4. Shafuka goman farko

Nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a nan.

A STOC da FOCS yawanci ba a iyakance tsawon takarda, kana iya tura shafi 60, amma sanarwar takan faɗa ƙarara cewa shafukan farko ne kawai, goma ko sha biyu, kwamitin zaɓen takardu ya wajaba ya karanta, sauran sai in ya ga dama. ICALP kuma shafi 15 ya saba bayarwa ban da jerin ayyuka da rataye. Ka tuna ɗan kwamiti ɗaya yana iya riƙe takardu masu yawa a 'yan makonni, ga koyarwa ga nasa ɗaliban. In ya kai shafi na biyu bai gane me ka tabbatar ba, ya riga ya fara neman dalilin ƙi.

Kuskuren da muka taso da shi daga rubutun furojet shi ne buɗewa da "kwamfuta ta zama ruwan dare a rayuwar yau". Cire wannan. Wanda zai karanta ya fi ka sanin amfanin kwamfuta. Sakin layi na farko ka faɗi matsalar, na biyu ka faɗi iyakar abin da aka sani da wanda ya yi shi, sannan ka ajiye tiyorem ɗinka a fili kafin shafin farko ko na biyu ya ƙare.

Misali mai kyau shi ne aikin Ran Duan da abokansa da ya ci kyautar takarda mafi kyau a STOC na 2025. Matsalar tsohuwa ce, neman hanya mafi gajarta daga wuri ɗaya zuwa sauran wurare, n wurare m hanyoyi. Kowa ya san algoridim ɗin Dijkstra yana yinta a m + n log n. Su suka ce mun yi ta a m log^(2/3) n a kan hanyoyi masu alkibla. Shi ke nan, layi ɗaya, duk wanda ke fannin ya gane an motsa abin da ya daɗe bai motsa ba. Naka ba sai ya kai wannan girma ba amma ya zama za a iya faɗinsa haka: da ana nan, yanzu mun kai nan. In ka kasa faɗin sakamakonka a jimla biyu to wallahi takardar ba ta nuna ba tukuna.

Bayan tiyorem sai ɓangaren da ake bayyana dabara, shafi uku zuwa biyar, kuma shi masu bita suka fi karantawa da idon basira. Ba hujja za ka zuba a nan ba. Ka faɗi hanyar da kowa zai fara gwadawa, ka nuna inda take cijewa, sannan ka ce ga abin da muka yi muka wuce wurin. Yi shi kamar kana gaban allo da abokin aiki. Cikakkun hujjoji su biyo baya, kuma su cika, kar ka rubuta "wannan a bayyane yake" a kan lema, wato ƙaramin tiyorem na kan hanya, da kai kanka ta ɗauke ka sati biyu. Masu bita sun san wannan wayon, can suke fara tonawa.

Gargaɗi: kafin ka ce sakamakonka sabo ne ka kwana biyu kana bincike a arXiv da ECCC, shafukan da masu bincike ke ɗora takardunsu tun kafin a buga, da kuma DBLP. Babu abin da ya kai ciwon mai bita ya rubuto maka cewa an tabbatar da wannan tun 1994 ga takardar. Kuma ka ba wani, sufabaiza ko aboki, ya bi hujjar layi-layi da biro aƙalla sati biyu kafin rufewa. In ka sa ChatGPT ko ire-irensa sun gyara maka Turanci to ka duba me sanarwar ta ce a kai, kuma kar ka yarda da duk wani aiki da ya ambato maka sai ka gan shi da idonka, yana ƙirƙiro takardun da babu su.

5. Sunaye

A wannan fanni ana jera sunayen marubuta ne bisa harafin farko na sunan ƙarshe, ba bisa girma ko yawan aiki ba. Abubakar zai zo kafin Zubairu ko da Zubairun ne farfesa. Ku yi wannan maganar tun da wuri cikin ladabi, don na san yadda take a sassanmu, kuma a sa sunan wanda ya yi aiki kawai.

Yawancin manyan tarukan yanzu suna so a cire sunaye daga kwafin da aka tura. Cire suna da jami'a da godiya, kuma in za ka ambaci tsohon aikinka ka ambace shi kamar na wani, kar ka ce "a aikinmu na baya". Ka buɗe bayanan fayil ɗin PDF ɗin ma ka duba, sau da yawa suna yana maƙale a can ba ka sani ba.

6. arXiv

Yawancin tarukan ba sa hana ka ɗora aikinka a arXiv ko da suna ɓoye suna, kuma ɗorawar tana kare ka in wani ya fito da irin sakamakon bayan sati uku. Kyauta ne. Sai dai sabon shiga yakan buƙaci wani da ya saba ɗorawa a sashen, kamar cs.DS ko cs.CC ko cs.LO, ya tsaya masa, to nemi wannan tun da wuri. Abin da ka ɗora kuma ba ya goguwa, ko ka janye tsohon kwafin yana nan, kar ka ɗora hujjar da ba ka gama yarda da ita ba.

7. Turawa

HotCRP ko EasyChair, shafukan da ake tura takarda ta cikinsu, ɗaya daga ciki za ka tarar. Buɗe akawun sati ɗaya kafin lokaci, ka cike take da sunaye, ka ɗora duk kwafin da ke hannunka ko bai gama kyau ba, ana iya canzawa sau nawa kake so har a rufe. Ni ƙa'idata kwana biyu kafin rufewa akwai wani abu a kai. Ka yi cajin laftof, ka tanadi layin data na kamfani biyu daban, in da jan aiki a sayi mai a inji.

Za a tambaye ka waɗanda bai kamata su duba aikinka ba, sufabaizanka, waɗanda kuka yi rubutu tare kwanan nan, 'yan jami'arku. Cike da gaskiya. In duk marubutan ɗalibai ne akwai akwatin da ake latsawa don shiga gasar takardar ɗalibi, a STOC kyautar Danny Lewin, a FOCS kyautar Machtey. Turawa ba a biyan ko sisi.

Gargaɗi: haramun ne a wannan harka ka tura takarda ɗaya taro biyu a lokaci guda. Mutanen kaɗan ne, mai bita ɗaya yana iya samun ta daga ɓangarorin biyu, kuma sunanka ne zai ɓaci.

8. Watannin jira, wato lokacin fasfo da biza da kuɗi

Amsa takan ɗauki wata biyu zuwa uku. Mutane sukan naɗe hannu su ce sai an karɓa tukuna, kuma nan ne muke faɗuwa mu da muke wannan yankin. Ba a fafe gora ranar tafiya. ICALP a Afrilu yake ba da amsa taro kuma a Yuli, wata uku ke nan kacal, alhali layin ganawa a wasu ofisoshin jakadanci kaɗai yana iya cinye su.

Ni kaina ta taɓa ci na. An karɓi takarda, na yi ta murna sati guda, sannan na fara neman ranar ganawa, fasfo ɗina ya dawo da biza a ciki kwana biyu bayan an tashi daga taron. Abokin rubutuna ne ya gabatar, ni kuwa ina zaune a falo ina kallon hotuna a waya da tikitin da ba a mayar da kuɗinsa.

To tun ranar da ka tura, duba fasfo. Ƙasashen Shengen suna so ya rage aƙalla wata uku bayan ranar da za ka fito, da shafuka biyu babu komai. Gano wane ofishi ne ke karɓar takardun ƙasar, VFS ne ko TLScontact ko ofishin jakadancin da kansa, don wasu ƙananan ƙasashen Turai ba su da ofishi a Abuja wata ƙasa ce ke karɓa a madadinsu. Bizar Shengen yuro 90 ce ban da kuɗin 'yan karɓa, ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma sai da inshorar lafiya ta yuro 30,000. Ta Amurka dala 185, ba a mayarwa in an hana. Fara gyara bayanan asusunka na banki tun yanzu, kuɗin da ya faɗo tim sati ɗaya kafin ganawa tambaya yake jawowa.

Kuɗin tafiya kuwa, rajista kaɗai ɗaruruwan dala ce ko yuro, ɗalibi yana samun ragi, mamban ACM ko EATCS ma haka, sai jirgi da masauki na kwana biyar ko shida wanda su ne babban nauyin. In kana koyarwa a jami'ar gwamnati a Najeriya je wurin jami'in TETFund na makarantarku ka tambayi halin da tallafin halartar taro yake ciki a bana da takardun da ake nema, fayil ɗin yana daɗewa yana yawo ofis-ofis. Tarukan kansu sukan ba ɗalibai tallafin tafiya, STOC na da shi, akwai kuma shirin TCS for All, sai dai ka karanta sharuɗɗa don wani kuɗin na ɗaliban jami'o'in Amurka ne kawai. In ba ka ga komai a shafin ba rubuta wa masu shirya taron ka faɗi daga inda kake, ka nemi ko a yafe maka rajista. Ba abin kunya ba ne, kuma wani lokacin ana dacewa.

9. Amsar masu bita

Yawanci mutum uku ne. Wasu tarukan kamar kashin B na ICALP suna ba ka 'yan kwanaki ka mayar da martani kafin a yanke hukunci. Karanta, ka rufe laftof, ka je ka yi sallah ka ci abinci, washegari ka amsa. Fara da duk wanda ya ce akwai kuskure a hujja, nuna masa shafi da layi. In da gaske kuskuren ne kuma yana gyaruwa ka amsa laifi ka kawo gyaran a taƙaice. Kar ka yi faɗa, kar ka yi roƙo, kar ka yi alƙawarin sabon sakamakon da ba ya cikin takardar.

A manyan tarukan nan abin da ake karɓa bai fi ɗaya cikin uku ko huɗu ba, manyan farfesoshi ma ana mayar musu da takardu. In an ƙi taka, gyara abin da aka nuna ka duba kalandar mataki na 1, akwai wata ƙofar nan da wata biyu ko uku. Amma kar ka mayar da ita yadda take, mai bitan da ya gani a can yana iya sake gani a nan.

10. In an karɓa

Ranar da imel ya shigo, ranar za ka nemi wasiƙar gayyata ta biza daga masu shirya taro, wasu ba sa bayarwa sai ka yi rajista. Yi rajistar kafin wa'adin farashin farko ya wuce, bayansa kuɗin hawa yake. Katin naira ba lallai ya iya biya ba, tanadi katin dala ko wani a waje da zai biya ka mayar masa. Sai kwafin ƙarshe, ka mayar da sunaye da godiya, ka bi tsarin mabugan, ka sa hannu a takardar haƙƙin bugawa. Dole aƙalla marubuci ɗaya ya yi rajista ya gabatar. In ka ga biza tana neman makara sanar da shugaban kwamiti da wuri, a lokacin ne ake iya shirya wani ya tsaya maka ko a duba yiwuwar bidiyo.

11. Jawabin

Minti 15 zuwa 25 za a ba ka, ya danganta da taron. Silayid ɗaya a minti ɗaya ya isa. Kashi ɗaya cikin uku a kan matsalar da dalilin da ya sa ta dami mutane, sannan tiyorem, sannan dabara guda ɗaya tak da zane da ƙaramin misali. Hujja tana cikin takarda, wanda ya so zai karanta. Gwada da agogo sau uku aƙalla, ɗaya a gaban 'yan sashenku. Ajiye PDF ɗin a filas da kuma imel, ka sayi adaftar soket don namu mai ƙafa uku ba ya shiga na Turai ko na Amurka. In an yi tambayar da ba ka sani ba ka ce ban gwada ba, mu yi magana bayan an tashi.

Kuma don Allah lokacin shan kofi kar ka koma lungu kana latsa waya. Tun kafin ka tafi ka fitar da sunayen mutum biyar da ka ambaci aikinsu, ka same su ka ce na yi amfani da lemarka kaza. Maganar abinci, ka zaɓi na halal ko na ganye tun a fom ɗin rajista, a wurin ba a canzawa.

12. Bayan an dawo

Sabunta kwafin arXiv da gyare-gyaren da aka nuna maka, sannan ka shirya cikakken kwafi zuwa mujalla, domin kwamitin ƙarin girma a jami'o'inmu har yanzu mujalla suka fi ganewa. SIAM Journal on Computing, Algorithmica, Theoretical Computer Science, ko TheoretiCS wadda ba ta karɓar kuɗi daga marubuci ko mai karatu. Rubuta wa mutanen da kuka yi hira cikin sati ɗaya tun ba su manta fuskarka ba. Duk wanda ya ba ka kuɗin tafiya kuma zai nemi shaida, don haka rasit ɗin rajista da na otal da guntun katin shiga jirgi na zuwa da na dawowa, ɗauki hotonsu tun a filin jirgi ka zuba su a ambulan ɗaya.